Fyaɗe a Littattafan Matasa: Abin da Ake Gardama a Kansa da Abin da Ya Kamata a Duba

A watan Satumba na 2010, wani malamin jami'a a jihar Missouri ta Amurka mai suna Wesley Scroggins ya rubuta maƙala a wata jarida ta birnin Springfield, yana kira ga hukumar makarantun garin Republic da ta raba ɗalibai da wasu littattafai uku. Ɗaya daga cikinsu shi ne *Speak*, ƙagaggen labarin da Laurie Halse Anderson ta fitar a 1999, kuma hujjarsa ita ce wuraren da aka ambaci fyaɗe a cikinsa sun mayar da shi wani nau'i na batsa. Marubuta da malaman makaranta da ma'aikatan laburare suka yi masa ca, suna cewa wanda ya karanta labarin yarinyar da aka keta wa haddi har ya hango batsa a ciki, to ya binciki kansa kafin ya binciki littafin. Da hukumar ta yanke hukunci a 2011, ta janye littattafai biyu ta bar *Speak*. Sai dai maganar ba ta mutu a nan ba, domin a shekaru goma da ɗoriya da suka biyo baya ta ƙara zafi, har ta fita daga shafukan jarida ta shiga majalisun dokoki na jihohi.

Kafin a fahimci rikicin, sai an san irin littattafan da ake magana a kansu. Masu ɗab'i a Amurka da Birtaniya suna kasa littattafan labari gwargwadon shekarun masu karatu, kuma tsakanin na yara da na manya akwai wani rukuni da aka keɓe wa matasa, waɗanda ƙungiyar laburarorin Amurka ke lissafawa daga shekara 12 zuwa 18. Rukunin ya fara tsayawa da ƙafarsa a ƙarshen shekarun 1960, lokacin da marubuta suka daina tsayawa ga labaran makaranta masu daɗin ƙarshe suka shiga maganar talauci, faɗan daba, shaye-shaye da mutuwar aure. Abin da ya fi bambanta shi da adabin manya shi ne bakin da labarin ke fitowa. Galibi matashiya ce ko matashi ke ba da labarin da kansa, a daidai lokacin da abin ke faruwa, ba tare da hangen wanda ya girma ya waiwaya ba. Saboda haka mai karatu ba ya sanin komai sai abin da yarinyar ta sani, kuma idan ta kasa fahimtar abin da ya same ta, shi ma sai ya zauna cikin wannan duhun tare da ita.

A *Speak*, Melinda ta shiga aji na tara, wato shekarar farko ta babbar sakandare a tsarinsu, alhali duk ƙawayenta sun juya mata baya, saboda ita ce ta kira 'yan sanda a wani bikin matasa da aka yi a ƙarshen hutu, har aka kama wasu. Babu wanda ya tambaye ta dalilin kiran, ita ma ba ta faɗa ba. Marubuciyar ta raba littafin kashi huɗu bisa zangon karatu, kowane kashi yana ƙarewa da takardar sakamako, mai karatu yana kallon makin yarinyar yana zubewa. Tana cizon leɓenta har ya yi rauni, ta cire madubin ɗakinta ta ɓoye shi, ta samu wani tsohon ɗakin ajiyar kayan shara a makaranta ta mayar da shi maɓoya, kuma maganarta tana raguwa har iyayenta suka ɗauka taurin kai ne da lalaci. Yaron da ya yi mata aika-aikar yana makarantar, ya girme ta, yana da farin jini, kuma ta daɗe ba ta iya ko kiran sunansa a ranta. Sai an yi nisa sosai cikin littafin kafin a faɗi abin da ya faru a daren, cikin layuka kaɗan, ba tare da siffanta jiki ba. Lokacin da ta yi ƙarfin halin sanar da tsohuwar aminiyarta, wadda a lokacin take soyayya da yaron, a rubuce ta yi, suna miƙa wa juna takarda a laburare, kuma amsar farko da ta samu ita ce ƙarya take yi saboda kishi.

Na tsaya a kan waɗannan bayanai ne domin su ne ainihin littafin. Fyaɗen da Scroggins ya kafa hujja da shi bai cika shafi biyu ba, sauran shafukan kuwa labarin shekara guda ne na yarinyar da ke zaune a gaban iyaye da malamai da alamun ciwo a fili, amma kowa yana yi musu fassarar da ta fi masa sauƙi. Littafin ya kai matakin ƙarshe a gasar littattafai ta ƙasar Amurka a 1999, ya samu lambar yabo ta Printz, wadda ake ba littattafan matasa, a 2000, aka mayar da shi fim a 2004, kuma makarantu da dama suka sa shi a manhaja. Sai daga baya Anderson ta bayyana cewa ita kanta an yi mata fyaɗe tana da shekara 13, ta kuma yi shekaru masu yawa ba ta gaya wa kowa ba, labarin da ta rubuta cikin waƙe a 2019. Wani abin da ta sha ambata ya fi komai bayyana dalilin da malamai suka riƙe littafin: ta ce a ziyarar da take kai wa makarantu, samari sukan tambaye ta, da zuciya ɗaya ba don izgili ba, me ya sa Melinda ta damu haka, alhali abin bai ɗauki lokaci ba kuma ba baƙo ne ya tare ta a lungu ba. Yaron da ya yi wannan tambaya ba mugu ba ne, amma babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya yi masa bayani, kuma littafin ne ya fara buɗe masa ƙofar tambayar.

Masu kare irin waɗannan littattafai suna farawa ne daga yawan waɗanda abin ya shafa. Ƙididdigar da asusun UNICEF ya fitar a watan Oktoba na 2024 ta ce mata da 'yan mata sama da miliyan 370 da ke raye a yau, wato ɗaya cikin takwas, an yi musu fyaɗe ko wani cin zarafi makamancinsa kafin su cika shekara 18, sannan a ɓangaren maza kimanin ɗaya cikin goma sha ɗaya ne. Ma'anar wannan ita ce a kowane aji da malami zai raba littafin, da wuya a rasa wadda labarin nata ne, ko na ƙanwarta, ko na aminiyarta. Cewa a kare yara daga sanin abin yana ɗaukar cewa ba su riga sun san shi ba, alhali wasunsu sun san shi ta hanya mafi muni, abin da suka rasa kawai shi ne sunan da za su kira shi da kuma tabbacin cewa ba laifinsu ba ne. Wannan hujja tana da ƙarfi, amma ba ta wanke kowane littafi ba. Yawan masu ciwo bai mayar da kowane magani mai amfani ba, kuma a nan ne ya kamata a bar tambayar ko a rubuta, a koma ga tambayar yadda aka rubuta.

Ma'auni na farko shi ne inda marubuci ya tsayar da idon mai karatu. Akwai wanda ke kai shi cikin zuciyar wadda aka zalunta, ya ji tsoro da ruɗewa da ƙyamar kai irin nata, akwai kuma wanda ke tsayar da shi gefe yana kallon jikinta, ko da kuwa da sunan nuna munin abin ne. Bambancin ya fito sarari a abin da ya faru da *Thirteen Reasons Why* na Jay Asher, wanda ya fito a 2007, labarin yarinyar da ta kashe kanta bayan jerin wulaƙanci da ya haɗa da fyaɗe. Shekara goma littafin yana hannun matasa da ƙorafi daidai gwargwado, amma da kamfanin Netflix ya mayar da shi fim mai dogon zango a 2017, ya nuna fyaɗen da kuma yadda ta kashe kanta ƙuru-ƙuru, sai likitocin ƙwaƙwalwa da masu ba ɗalibai shawara suka ɗaga murya. Wani bincike da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa yawan masu kashe kansu tsakanin 'yan shekara 10 zuwa 17 a Amurka ya haura da kashi 28.9 cikin ɗari a watan da ya biyo bayan fitowar fim ɗin. Wasu masana sun ƙalubalanci lissafin, kuma su kansu masu binciken ba su ce sun tabbatar fim ɗin ne sanadi ba, amma duk da haka kamfanin ya yanke wurin da ta kashe kanta a watan Yuli na 2019. Littafi yana barin mai karatu ya tsaya, ya rufe, ya tsallake, kuma ba ya hango abin da ya wuce iyakar tunaninsa, hoto mai motsi kuwa ba ya ba shi wannan zaɓi. A ganina, akwai kuma matsala a ginin labarin kansa, domin ya sa sai da yarinyar ta mutu kafin a saurare ta, wanda ba saƙo ne da ya dace a miƙa wa mai irin ciwonta ba.

Ma'auni na biyu ya fi wuya, shi ne irin yarinyar da marubuci ya zaɓa. Abu ne mai sauƙi a sa mai karatu ya tausaya wa kamila, mai kunya, wadda ba ta taka kowa ba, amma irin wannan tausayi yana ɗauke da sharaɗi a ɓoye, wato ta cancanci a yarda da ita ne saboda halinta. Marubuciyar ƙasar Ireland Louise O'Neill ta ƙi wannan sauƙin a littafinta *Asking For It* na 2015. Emma 'yar shekara 18 ce, kyakkyawa, mai ji da kanta, mai hassada, mai yi wa ƙawayenta baƙar magana, kuma ita ce a baya ta shawarci wata ƙawarta da ta yi shiru a kan abin da wani saurayi ya yi mata, kada ta tayar da ƙura. A daren da abin ya same ta ta sha giya, ta sha ƙwaya, ta yi shigar da za a yi magana a kai. Washegari iyayenta suka tsince ta yashe a ƙofar gida, ba ta tuna komai, sai a Facebook ta ga hotunan abin da samarin suka yi mata tana cikin maye, da ɗaruruwan mutane suna sharhi a ƙasa. Marubuciyar da gangan ta tara wa Emma duk abin da ake kafa hujja da shi a ce ita ta kai kanta, domin mai karatu ya kama kansa yana wannan tunanin, sannan ya tambayi kansa ko akwai halin da zai halatta abin da aka yi mata.

Rabi na biyu na littafin, wanda ya faro shekara guda bayan faruwar abin, shi ne ya fi tayar da hankali, kuma babu wani tashin hankali na zahiri a cikinsa. Samarin taurarin ƙwallo ne a ƙaramin gari, 'ya'yan mutanen kirki, garin kuma ya tsaya musu. Mahaifin Emma yana ganin mutane suna ƙaurace masa a wurin aiki, mahaifiyarta ta koma shan giya, limamin cocinsu ya karkata ga samarin, ita kuma ta daina fita, tana ganin ita ce ta ɓata wa kowa rayuwa. Daga ƙarshe ta janye ƙarar, kuma abin da ta gani a fuskar iyayenta shi ne sauƙi, ɗan'uwanta ne kaɗai ya fusata. Littafin ya fito ne shekaru kaɗan bayan shari'ar garin Steubenville na jihar Ohio, inda a 2012 wasu 'yan ƙwallon sakandare suka ci zarafin wata yarinya da ba ta cikin hayyacinta aka yaɗa hotunan, kuma da aka same su da laifi a 2013 wasu kafafen labarai suka fi jimamin makomar samarin. Wanda ya san yadda ake kashe irin wannan magana a wurarenmu da sunan rufin asiri, a ce a bar wa Allah don kada yarinya ta rasa mijin aure, zai gane gidan su Emma ko da bai taɓa jin sunan Ireland ba.

Wannan ya kai mu ga yadda ake rufe labarin, inda marubutan suka rabu. Masu karatu da yawa sun yi fushi da ƙarshen littafin O'Neill, suna cewa yarinyar da ke cikin irin halin za ta karanta ta yanke ƙauna daga kai ƙara. Masu goyon bayanta suka ce ƙararrakin fyaɗe kaɗan ne ke kaiwa ga hukunci, kuma yi wa matasa alkawarin adalcin da ba lallai su samu ba yaudara ce. E.K. Johnston ta Kanada ta bi ta ɗaya gefen a littafinta na 2016, inda yarinyar da aka zuba wa ƙwaya a abin sha ta samu iyaye da aminiya da 'yar sanda da likita duk sun tsaya mata tun daga ranar farko. An soke shi da cewa ya yi kyau fiye da gaskiya, amma yana da amfanin da na O'Neill ba shi da shi, domin yana koya wa waɗanda ke kewaye da yarinyar abin da ya kamata su faɗa da wanda ya kamata su haɗiye. Ni dai ban ga dalilin zaɓar ɗaya a yar da ɗaya ba, sai dai na O'Neill ya fi dacewa da 'yan shekara 16 zuwa sama, kuma ya fi amfani idan akwai babba da za a tattauna da shi bayan an gama.

Akwai kuma 'yan littattafan da suka juya labarin gaba ɗaya. A *Inexcusable* na Chris Lynch, wanda ya fito a 2005, wanda ya aikata laifin ne ke ba da labari. Keir ɗan ƙwallo ne da ya yi imani shi mutumin kirki ne, yana son mahaifinsa da yayyensa mata, kuma tun daga shafin farko yake rantsuwa cewa abin da yarinyar ke faɗa ba zai yiwu ba, domin mutumin kirki ba ya yin haka. Mai karatu yana bin sa yana ganin yadda yake gyara kowane labari don ya wanke kansa, daga ɗan wasan da ya nakasa a fili zuwa ɓarnar da suka yi cikin maye, har ya gane cewa bakin da ke ba shi labarin ba abin yarda ba ne. Wannan dabara tana da haɗari, domin mai karatun da bai ƙware ba zai iya tsayawa ga tausayin Keir, amma tana isa inda sauran ba sa isa, wato ga saurayin da ba zai taɓa ganin kansa a hoton ɓarawon dare mai wuƙa ba. Labaran da namiji ne aka zalunta kuwa har yanzu ba su da yawa, ko da yake sanannen littafin Stephen Chbosky na 1999 ya ginu ne a kan yaron da wata 'yar'uwar mahaifiyarsa ta lalata tun yana ƙarami, ya binne abin har ya manta.

Bai kamata a yi watsi da ƙorafin iyaye ba, domin akwai gaskiya a cikinsa. Tsakanin ɗan shekara 12 da ɗan 18 akwai tazara mai faɗi, amma kanta ɗaya ake jera musu littattafai. Wani binciken kasuwa da kamfanin Bowker ya yi a 2012 ya nuna kashi 55 cikin ɗari na masu sayen littattafan matasa sun kai shekara 18 ko sun wuce, kuma idan manya ne ke biyan kuɗi, ba abin mamaki ba ne masu ɗab'i su riƙa karkata ga abin da manya ke so, ana ƙara wa labarai zafi alhali tambarin matasa yana nan a bango. A 2011 wata mai sharhin littattafai, Meghan Cox Gurdon, ta rubuta a jaridar *Wall Street Journal* cewa adabin matasa ya cika duhu har yana iya mayar da mummunan abu kamar ruwan dare, kuma duk da martanin da ta sha, tambayarta ba ta wauta ba ce. Haka nan akwai bambanci tsakanin littafin da ke laburare, wanda ɗaliba za ta ɗauka da kanta ta ajiye idan ya yi mata nauyi, da wanda aka wajabta wa aji, inda wadda abin ya taɓa faruwa da ita za ta zauna tana jin 'yan ajinsu suna muhawara a kan ko laifin yarinyar ne. Malamin da ya san aikinsa yakan sanar tun da wuri, ya tanadi wani littafin ga mai buƙata ba tare da neman dalili ba, ya kuma san inda zai tura ɗalibar da ta zo masa da magana bayan an tashi.

Inda aka kauce hanya shi ne maganin da wasu jihohi suka kawo. Dokar da jihar Iowa ta yi a 2023 ta hana laburarorin makarantu ajiye duk littafin da ya siffanta saduwa, ba tare da duba ko wane matsayi wurin yake da shi a cikin labarin ba, jihar Florida ma ta sauƙaƙa janye littafi da zarar an kai ƙorafi. Ƙungiyar marubuta ta PEN America ta lissafa janye littattafai sama da sau 10,000 a shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024, mafi yawa a waɗannan jihohi biyu, kuma huɗu daga cikin littattafai biyar da suka fi shan janyewa suna ɗauke da labarin fyaɗe ko lalata da yara. Ɗaya daga cikinsu shi ne *Sold* na Patricia McCormick, labarin 'yar shekara 13 daga ƙauyen Nepal da aka sayar gidan karuwai a Indiya, wanda marubuciyar ta rubuta bayan ta je ƙasashen ta gana da matan da aka ceto. Abin da masu ƙorafi ke yi shi ne su tsamo shafi guda su karanta shi da ƙarfi a taron hukumar makaranta, jama'a su kaɗu, a janye littafin. Wannan daidai yake da a ɗauki shaidar da mace ta bayar a gaban alƙali a karanta a kasuwa a ce ta yi batsa. Ma'aunin da ke ƙirga kalmomi ba ya iya rarrabe rubutun da ke tayar da sha'awa da wanda ke tayar da tsigar jiki, kuma sakamakonsa shi ne a haɗa fyaɗe da saduwar son rai a kwando ɗaya, wanda shi ne ainihin ruɗanin da waɗannan littattafai suka zo warwarewa.

Adabin Hausa bai da wannan rukuni na matasa a matsayin sashe mai zaman kansa, amma yana da masu karatun. Tun zamanin littattafan soyayya da suka cika kasuwar Kano daga shekarun 1980, 'yan mata 'yan sakandare suna cikin manyan masu karatu, yau kuma labarin ya koma waya, ana turo shi babi-babi a zaurukan WhatsApp da Wattpad, uwa da 'yarta suna karanta abu ɗaya ba tare da wata alamar shekaru ba. Hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana iya duba abin da aka buga a takarda, amma abin da ke yawo a waya ya fi ƙarfin sa idonta. Matsalar kuma ba baƙuwa ba ce, domin binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 tare da UNICEF ya nuna ɗaya cikin 'yan mata huɗu da ɗaya cikin yara maza goma a Najeriya sun fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata kafin shekara 18. Saboda haka ba a rasa fyaɗe a labaranmu ba, yana nan da yawa. Abin dubawa shi ne aikin da ake sa shi. Duk mai bin waɗannan rubuce-rubuce ya san wani zubi da ke yawan dawowa: ɗan masu kuɗi, cikin maye ko fushi, ya afka wa 'yar aiki ko 'yar riƙo, ciki ya bayyana, manya su ɗaura musu aure don a rufa asiri, ya yi nadama, ta yi ta jan aji, daga bisani soyayya ta ƙullu. Ba mu muka ƙirƙiro wannan zubi ba, littattafan soyayyar Turawa na shekarun 1970 sun yi ta cin kasuwa da shi kafin masu karatunsu su juya masa baya. Amma idan aka auna shi da ma'aunan da suka gabata, za a ga labarin ya zama na tubar namiji, ciwon yarinyar kuma ya zama tsanin da aka taka aka kai ga aure, kuma 'yar shekara 14 da ke karantawa a ƙarƙashin bargo tana koyon cewa haka ake warware irin wannan matsala.

Akwai marubuta mata a cikinmu da suka ɗauki maganar da nauyin da ya dace da ita, kuma kunyar da harshenmu ke da ita wajen ambaton irin waɗannan abubuwa ba cikas ba ce, tunda mafi ingancin littattafan da aka ambata a sama da sakayawa suka yi aiki. Abin da ya yi ƙaranci shi ne tsarin da ke kewaye da littafin, wato edita da zai ce wannan wurin ya wuce gona da iri, da alamar shekaru a bango, da laburaren makaranta, da malamin da aka horar ya karɓi maganar da karatun zai tono. A 2018 Adaobi Tricia Nwaubani ta fitar da *Buried Beneath the Baobab Tree*, labarin matasa da ta gina a kan hirarrakin da aka yi da 'yan matan da Boko Haram ta sace a Borno, har da auren dole da abin da ke biyo bayansa, cikin gajerun babuka da bakin yarinya. Wani kamfanin ɗab'i na Amurka ne ya buga shi, da Turanci, kuma da farashin da aka yanka domin aljihun mai saye a can, don haka ɗalibar sakandare a Ohio ta fi ta Gwoza ko Chibok damar samunsa a laburaren makarantarsu.